SUMAR BADARU

Shafi na 19

Na Hure Balan

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Masu bi na da saƙo tun safe, "Hure ina ci gaba, Hure kin rataye mu", duk na gan ku, wuta ce ba mu samu ba sai ɗazu. Ita kuma wadda ta ce wai na tsani Badaru ne shi ya sa nake gana masa azaba, Allah ya shirye ki. Wallahi da ƙyar na rubuta wannan shafin. Mai arhar hawaye ta jawo gefen zaninta tun yanzu.

Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muke. Muna Gaya, farkon daminar 1977. Badaru ɗan marigayi Malam Kabo ya zo gida daga Amurka, inda gwamnati ta tura shi karatun aikin gona. Ya dawo ƙato, wuya kamar turmi, da wata uwar suma tuli guda a ka, wai can afro ake ce mata. Mahaifiyarsa Inna Barira ta ce ba da ita ba, ɗanta ba zai shiga masallacin Juma'a da wannan kan ba. Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda a kira wanzami, shi ma sai da ya kafa sharaɗi: gyaran fuska kawai, ba za a taɓa masa saman kai ba.

*

Baba Maiwada wanzami ya shimfiɗa buzunsa a cikin soro, ya kwance zabira, ya jera asake. Tsoho ne sosai. Shi ya yi wa Badaru askin suna, shi ya cire masa beli, shi ya yi masa kaciya, don haka ba baƙo ba ne a gidan. Inna Barira na zaune a bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Kusa da ita Lauratu ce, ƙanwar Badaru, wadda ta zo daga gidan mijinta a Kademi don ta ga yayanta.

"Zauna mana, Bature," in ji Maiwada yana dariya. "Ko sai an kawo maka kujera mai juyawa?"

Badaru ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ko a zaune ya kusa kai tsohon tsawo.

"Baba, nan gaban goshi da bayan wuya kawai."

"Na ji."

"Kada ka hau sama. Musamman ta nan hagu."

"Kai, na ce na ji! Tun kan nan bai kai ƙoƙo ba nake juya shi, yau za ka koya min aiki?"

Abin da Badaru bai sani ba, tun da sassafe Inna ta tari Maiwada a ƙofar gida ta damƙa masa goro, ta ce, "Ka sauke min dajin nan gaba ɗaya. Ka shammace shi ka datse gefe guda, na ga yadda zai tashi da rabin kai." Iyayenmu ke nan, in sun ƙulla abu suna ganin gata suke yi maka.

Maiwada ya fara da goshi yana jan sa da hira. Ya ba shi labarin ruwan da aka yi a Ajingi ranar kasuwa, wanda ya kwashe rumfar masu daddawa. Ya tambaye shi ko gaskiya ne Turawa ba sa cin tuwo. Badaru yana amsawa sama-sama, duk jikinsa a ɗaure.

Can sai tsohon ya ƙyafta wa Inna ido, ya ɗauki babban almakashinsa, ya damƙi sumar ta gefen hagu.

Ƙaras!

Gashi dunƙule guda ya faɗo a cinyar Badaru.

Inna ta tuntsire da dariya, Lauratu ta rufe baki. Maiwada ma ya fara dariyar, sai ta maƙale masa. Ya sunkuya ya ƙura ido. Ya sa yatsa ya buɗa sauran gashin a hankali, sai almakashin ya suɓuce daga hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya, Maiwada?" in ji Inna. "Ko ƙwarƙwata ya kwaso mana daga can?"

Maiwada ya ja da baya.

Badaru ya yi sauri ya kai tafin hannu ya rufe wurin, amma Inna ta riga ta miƙe, gyaɗar ta watse a ƙasa.

"Cire hannunka."

"Inna, ba komai ba ne."

"Na ce ka cire hannunka!"

Ya cire.

Jama'a, tabo ne. Ya taso daga saman kunne ya lanƙwasa kamar lauje har kusa da tsakiyar kai, ga sawun ɗinki nan jere a gefe da gefe. A tsakiyarsa akwai wani wuri da ya ɗan lotsa, yana motsi a hankali, yana bugawa kamar maɗigar jariri.

Lauratu ta ƙwalla ƙara ta ja da baya. Inna ba ta yi ƙara ba. Ta dafa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas.

"Wa ya fasa maka kai?"

"Keke ne ya kayar da ni."

"Ƙarya kake yi," in ji Lauratu. "Inna, wallahi ƙarya yake. Shekaranjiya da nake share ɗakinsa akwatinsa a buɗe yake. Na ga wata hular kwano mai ƙarafa a gaban fuska, da wani abu kamar sulke na ɗorawa a kafaɗa. Na ji tsoro ne ban faɗa miki ba."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. Ƙaninta ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba, don haka da ta ji hular kwano ba abin da ya faɗo mata sai wannan.

"Soja suka sa ka? Na ba su ɗa ya koyo noma, suka kai min shi bakin bindiga?"

"A'a, Inna. Ba yaƙi ba ne."

"To mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Wasa ne."

"Wasa?"

"Ƙwallo ce irin tasu ta can. Ba irin wadda yara suke bugawa da ƙafa a filin firamare ba. Wannan rungumarta ake yi a ruga da ita."

Maiwada ya ce, "Ƙwallon ce ta yi maka wannan? Ta ƙarfe ce?"

"Mutum ne, Baba."

Badaru ya ga dai ba mafita, sai ya ci gaba, idonsa a kan buzu.

"Inna, kin tuna lokacin da muke langa a dandali, kullum ina dawowa da gwiwa a goge kina yi min faɗa? Kusan haka yake. Akwai wanda zai ruga ya je ya sha, akwai masu tare shi. Ni ina cikin masu tarewa. Ina tsayawa a bayan sahun gaba ina kallo, duk ta inda mai ƙwallo ya ɓullo, aikina in yi karo da shi in kai shi ƙasa. Sai dai can ba ƙafa ɗaya ake riƙewa ba, da gudu ake zuwa, kuma kowa ya kai ni girma."

"Wa ya sa ka a ciki?" in ji Inna.

"Shekarata ta farko ina aiki a gonar makaranta. Ina ɗaukar buhun dusar shanu bibbiyu a kafaɗa, sai wani Bature ya tsayar da motarsa yana kallona. Shi ne mai horar da 'yan wasan makarantar. Ya ce in yi gudu ya gani, na yi. Washegari ya ba ni wannan hular."

"Sai ka karɓa."

"Na karɓa. Da farko ban ma san dokokin ba, sai dai a nuna min mutum a ce kama wancan. Kafin shekara ta zagayo babu wanda yake so ya bi ta gefena. Inna, filin da muke wasan, in kika tara mutanen Gaya da na Ajingi da na Balan duka ba za su cika rabinsa ba. Kuma in na fito sunana suke kira."

"Karatun fa?"

"Na gama. Na ci jarrabawa, ban yi wasa da shi ba."

"Kan fa?" Inna ta nuna tabon da yatsa. "Wannan fa?"

Ya shafa gefen kansa.

"Wasanmu na ƙarshe ne, lokacin sanyi. Wani ya taho na taho, muka haɗu kai da kai. Na ga wani farin haske, na tashi, na ƙarasa wasan. A mota muna komawa na fara amai. Daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a asibitin wani ƙaramin gari. Suka ce jini ne ya taru a ciki, sai da suka buɗe ƙashin suka zuƙe shi."

"Suka buɗe ƙashin," in ji Maiwada a hankali, kamar mai maimaita karatu. "Ƙashin kai."

"Me likitan ya ce?" Lauratu ta tambaya.

Badaru ya kau da kai.

"Yaya, don girman Allah me ya ce?"

"Ya ce wurin bai gama haɗewa ba. Ya ce in ya sake buguwa ba lallai in tashi ba."

Daga maƙwabta ana jin wata tana daka, ƙarar taɓaryar sai ta zama kamar a kan mutum ake bugawa. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta sauke wani dogon numfashi ta share fuska da gefen mayafi.

"To alhamdu lillahi. Allah ya dawo min da kai da ranka. Gobe za a yanka akuya a yi sadaka. Waccan hular kuma a jefa ta a masai."

Badaru ya ci gaba da kallon buzu.

"Ba ka ji ba ne?"

"Inna, zan koma."

Ni kaina da nake ba ku labarin nan, in na zo nan sai in ji kamar in shiga ciki in kwaɗa masa mari.

"Ka koma ina?"

"Akwai manyan ƙungiyoyi da wasan nan shi ne sana'arsu. Duk shekara suna zaɓar waɗanda suka fi kowa cikin masu gama makaranta. Ɗaya ta zaɓe ni. Nan da ɗan lokaci kaɗan za mu shiga sansanin horo."

"Da wannan kan?" in ji Lauratu. "Su ba su da imani ne?"

"Ba su sani ba."

"Kamar yaya ba su sani ba?"

"Mai horar da mu ya ce in yi shiru. Ya gaya musu kafaɗa ce ta goce min, ta warke. Likitocinsu gwiwa suke dubawa da ƙirji da ido. Ba wanda zai tona suma." Ya kai hannu yana jawo gashin gefe yana ƙoƙarin rufe inda aka datse. "Wannan ma in na taje shi zai rufu. Baba bai ci da yawa ba."

Inna ta bi hannun nan da kallo. Sai idonta ya canja.

"Tsaya. Wato sumar nan ita ce take rufa maka asiri."

"Ita ce."

"In suka ga tabon nan fa?"

"Ba za su ɗauke ni ba. A ranar za su sallame ni."

Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta ta tamke.

"Maiwada, ƙarasa aikinka."

Tsohon ya zabura. "Barira, ki rufa min asiri. Ni ba zan ɗora aska a kan wurin da yake numfashi ba."

"Ban ce ka ɗora a kai ba. Ka kewaye shi. Ka aske ko'ina ƙwal, ya zama mai tahowa daga bakin kasuwa ma yana hango shi."

"Inna!"

"Ka aske shi yau, ka dawo Juma'a mai zuwa ka sake, ka dawo ta gaba. Muddin yana gidan nan gashi ba zai kwana a kansa ba."

Maiwada ya dubi uwa ya dubi ɗa. Ya yi bisimilla, ya ɗauki aska yana wasa ta a jikin fata. Ya matso ke nan, Badaru ya cafke wuyan hannunsa. Ba da ƙarfi ya yi niyya ba, amma tsohon ya saki ƙara, askar ta faɗi ta kafe a buzu.

"Yaya, za ka karya shi!"

Ya sake shi da sauri, ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba.

"Baba, ka yafe min. Wallahi ban san na matse ba."

Maiwada ya ja gefe yana murza hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka gani?" in ji Inna. "Ka ga abin da suka mayar da kai? Mutumin da ya riƙe ka kana jinjiri."

"Inna, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Kina tsammani ni ba na jin tsoro? Wallahi ina ji. Tun da aka yi aikin nan hasken rana yana sara min kai. Wani lokaci ina cikin Fatiha sai in rasa inda nake, in tsaya kamar gunki. Jiya na fita zan je gidan Kawu, hanyar da na bi tun ina yawo ba wando, sai na tsinci kaina a bakin kududdufi ban san me na je yi ba."

Lauratu ta fashe da kuka.

"To me za ka koma yi?" in ji Inna.

"Don can ne kaɗai na san ko ni wane ne! In na sa hular nan na tsaya a bayan sahu, komai yana dawo min daidai, ba na manta komai. In na zauna a nan, ofis za su ba ni a Kano, in yini ina kallon bango ina jiran ranar da kaina zai gama tafiya. Shekara ɗaya kawai nake roƙo, Inna. In buga ɗaya in dawo."

"A cikin akwati?"

"Rai a hannun Allah yake."

"Kada ka kawo min wa'azi! Allah ne ya ce ka kai kanka inda za a fasa?"

Ta matso har gabansa. Gajeriya ce, yana zaune tana tsaye amma kusan kansu ɗaya.

"Ubanka ya rasu kana can, ban aika a ɗaga maka hankali ba, na ce a bar shi ya yi karatu. Duk motar da ta taso daga Wudil sai na leƙa ko kai ne. Na haƙura. Amma wannan ba zan haƙura ba."

"Inna..."

"Tun da na haife ka ban taɓa yi maka baki ba. Ko zagi mai nauyi ban taɓa yi maka ba."

Maiwada ya gane inda ta dosa. "Barira, a'a. Kada ki furta. Ki ji tsoron Allah."

"Inna, don Allah!" Lauratu ta riƙe mata ƙafa.

Inna ta fizge. Ta kai hannu ƙirjinta, ta damƙi bakin zaninta.

"Ka buɗe kunnenka da kyau. In ka sa ƙafa ka bar garin nan don ka koma wannan wasa, nonon da ka sha..."

Badaru ya san in maganar nan ta ƙarasa shiga kunnensa, tafiya ta ƙare, don ba zai iya tsallake ta ba. Sai ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya zabura, ya juya ya nufi ƙofar waje da irin saurin da aka koya masa a can.

Ƙofar soron Malam Kabo gajeriya ce. Tun yana saurayi sai ya sunkuya yake wucewa. Yau bai sunkuya ba.

Gwaf!

Azarar saman ƙofa ta amsa, ƙasa ta zubo daga rufi. Ta gefen hagu ya bugu.

Bai faɗi ba. Ya tsaya cak, hannuwansa suka sauka daga kunnuwa a hankali. Ya dafa bango, ya juyo, ya jingina, ya yi ta sulalewa har ya zauna, ƙafafunsa a miƙe.

Ba wanda ya iya motsi.

Maiwada ne ya fara rarrafawa ya isa gare shi. Ya duba tabon. Bai fashe ba, ko ɗigon jini babu a waje.

"Bai yi jini ba," in ji Lauratu tana haki. "Baba, bai yi jini ba, ko? Da sauƙi ke nan?"

Tsohon bai dube ta ba. Idonsa na kan kunnen Badaru na hagu, inda wani siririn jini ya fara gangarowa zuwa wuya.

"Lauratu, ruga tasha. Ko motar gyaɗa ce ki tare ta, ki ce Kano za a kai mutum."

"Motar Kano ta tashi tun hantsi!"

"Ki ruga na ce!"

Ta fita ko mayafi babu.

Inna ta durƙusa a gabansa. Ta tallafi fuskarsa da hannu biyu.

"Na janye. Ka ji? Ban ƙarasa ba, wallahi ban ƙarasa ba, Maiwada shaida ne. Na yafe maka duniya da lahira. Ka dube ni."

Idonsa a buɗe yake, amma ƙofa yake kallo.

Ɗan fari ne, kun san al'ada. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba, ko a bayan idonsa. Yau kunya ta kau.

"Badaru!"

Har Maiwada sai da ya ɗago.

"Badaru, ɗana! Badaru!"

Sai idon ya juyo a hankali ya sauka a kanta. Ya dube ta sama da ƙasa. Ya ga hawayen, ya ga gyaɗar da ta manne a gwiwarta. Ya yi ƙoƙarin gyara zama irin na ladabi, ya ɗan russunar da kai, ya yi murmushi.

"Sannu, baiwar Allah, daina kuka," ya ce. "Innata tana ciki. Bari a kira miki ita."